Yadda Ake Sauya Famfon Mai Zuwa Mai Ƙarfi a Mota Mai Turbo

Famfon mai ba ya ƙara wa mota gudu. Gara wannan magana ta zauna maka kafin ka fitar da ko sisi, domin da yawa daga masu sayensa suna zaton da an ɗaura shi motar za ta fara tashi sama. Aikinsa guda ɗaya ne, ya hana injin yunwa. Idan an taɓa ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, aka ƙara matsin iskar turbo, wato na'urar da ke cusa iska cikin injin, ko aka ɗaura turbo mafi girma, iskar da ke shiga silinda ta ƙaru, dole kuma man da zai gauraya da ita ya ƙaru. In famfon da kamfani ya sa ya kasa kawo man, sai iska ta rinjayi mai, zafi ya hau a cikin silinda, mai ya riƙa fashewa ba a kan lokaci ba. Daƙiƙa kaɗan a haka da totur a ƙasa sun isa su narkar da fistin.

A Gombe yanzu mota mai turbo ba baƙuwa ba ce. Akwai Golf GTI, akwai Mercedes C300 daga 2015 zuwa sama, akwai BMW 335i, akwai Honda Accord ta 2018, ga Ford masu injin EcoBoost. Samari sun fara kai su Abuja da Kano ana yi musu gyaran kwamfuta, su dawo suna gwadawa a hanyar Bauchi. Ga yadda ake aikin famfon, daga tantance buƙata har zuwa gwajin ƙarshe.

Fara tabbatar da cewa famfon ne ya gaza

Alamar gazawar famfo a mota mai turbo tana da kamanninta. Motar tana silo lafiya, tana yawo cikin gari daga Pantami zuwa Jekadafari ba wata matsala. Sai ka hau babban titi, ka taka a giya 3 ko 4, turbo ya cika, injin ya wuce juyi 4,500 a minti, sannan ta fara shaƙewa ko ta yanke. In aka sa mata kwamfuta, lambobin da aka fi gani su ne P0087, wato matsin mai ya yi ƙasa, da P0171, wato mai ya yi ƙaranci a cikin iska.

Amma fa waɗannan alamu ba famfo kaɗai ke kawo su ba. Filtar mai da ta toshe tana yin haka. Rairayar da ke gindin famfon in ta cika da datti tana yin haka. Waya da ta tsufa ba ta kai wuta sosai tana yin haka. Nozul, wato masu fesa wa injin mai, da suka kai iyakarsu ma haka: idan kwamfuta ta nuna suna buɗe sama da kashi 85 cikin 100 na lokacin aikinsu, to su ne suka gaza, ko famfon jirgin sama ka ɗaura ba abin da zai canza. Don haka ka fara da abubuwa masu sauƙi. Canza filta, auna wutar da ke isa soket ɗin famfo, ka ɗaura gejin matsin mai ka ga abin da yake yi lokacin da turbo ya cika. Idan matsin yana faɗuwa a daidai lokacin da ya kamata ya hau, kuma filta da waya lafiya lau, to an kama mai laifi.

Wane irin tsarin mai ke cikin motarka?

Nan ne mutane suka fi yin asara, su sayi kaya masu kyau waɗanda ba na motarsu ba.

Tsari na farko shi ne mai bututun dawowa. Famfo yana cikin tanki yana tura mai zuwa layin nozul, regileta mai daidaita matsin mai tana ƙarshen layin, rarar man kuma tana komawa tanki ta wani bututu daban. Regiletar tana da siririn tiyo da ke zuwa daga manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga silinda. Duk psi 1 (psi ma'aunin matsi ne) da turbo ya ƙara a iska, ita ma tana ƙara psi 1 a matsin mai. Tsofaffin Subaru WRX da Mitsubishi Lancer Evolution da Golf mai injin 1.8T duk haka suke, kuma su suka fi sauƙin wannan aiki.

Na biyu ba shi da bututun dawowa daga injin. Ko dai regiletar tana cikin tanki, ko kuma akwai ɗan akwatin lantarki da ke rage wa famfo gudu yana ƙara masa gwargwadon buƙata.

Na uku shi ne na yawancin motocin da ke shigowa yanzu, masu fesa mai kai tsaye cikin silinda: TSI da TFSI na Volkswagen da Audi, N54 da N55 na BMW, EcoBoost, da C300 ɗin nan. Waɗannan famfo biyu gare su. Na cikin tanki yana kawo mai da matsin bar 4 zuwa 6 (bar ma'aunin matsi ne da ya fi psi girma), sannan wani famfo na ƙarfe a jikin injin, wanda a yawancinsu kamshaf ke bugawa, ya ɗaga matsin ya haura bar 100. Kowannensu na iya zama wanda ya gaza, kuma kwamfuta ce kaɗai za ta raba gardama, domin tana nuna matsin da birenbos ya nema da wanda ya samu a kowane ɓangare. A Golf GTI ta biyar, kafin ma a yi maganar sabon famfo, a zaro na jikin injin a duba ɗan kofin ƙarfen da ke tsakaninsa da kamshaf. Yana cinyewa, in ya huje kuma sai ya ci kamshaf ɗin. Wannan famfo mai matsanancin matsi ba a taɓa shi da injin da zafi, man da ke cikinsa yana iya huda fata, kuma sauya shi yana tafiya ne tare da gyaran kwamfuta. Sauran bayanin nan a kan na cikin tanki ne.

Lissafin girman famfo

Injin fetur mai turbo yana shan kusan lita 0.37 a awa a kan kowane ƙarfin doki guda, idan an taka shi iyaka. Ka ce kana neman doki 350. Ninka 350 da 0.37, ka sami lita 130 a awa. Ƙara kashi 25 cikin 100 saboda tsufan famfo da zafi da abin da ba a rasa ba, ya zama kusan lita 163.

Sai mutum ya dubi kwali ya ga an rubuta 255, ya ce ai ya wuce buƙata nesa. A nan ake yaudarar kai. Lambar kwali an auna ta ne a matsin kusan psi 40 zuwa 43.5, da wuta bolt 13.5. Motarka kuwa lokacin da ta fi buƙatar mai ba a wannan matsin take ba. In asalin matsinta psi 43.5 ne, turbo kuma yana ba da psi 18, to famfon yana turawa ne a kan psi 61.5. Duk wanda ya taɓa haƙa burtsatse a Gombe ya san wannan: famfon da ke cika jarka cikin ƙiftawar ido a bakin rijiya, in aka ce ya hau da ruwan saman tankin bene sai ka ga zubarsa ta ragu. Saboda haka kowane kamfanin kirki yana fitar da jadawalin da ke nuna lita nawa famfon ke bayarwa a kowane matsi. Nemo jadawalin a intanet, ka sa yatsa a kan psi 60 zuwa 65, lambar da ka gani a nan ita ce za ka gwada da 163 ɗinka.

Waɗanda aka fi sani su ne Walbro 255, wanda ake yawan samu da lambar GSS342, da DeatschWerks DW200 mai lita 255 da DW300 mai lita 340, da AEM mai lita 340, sai Walbro 450. Ga doki 300 zuwa 400 a kan fetur, ajin 255 zuwa 340 ya wadatar. A ganina mai 450 a irin wannan mota neman magana ne kawai. Yana jan wuta har amfiya 15 zuwa sama, yana iya fin ƙarfin regileta, kuma rarar man da yake turawa tana zagayawa ta jikin injin mai zafi ta koma tanki, ta sake zagayowa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kai wa digiri 40, man tanki ya riga ya ɗumama tun kafin ka ƙara masa wannan.

Ka kuma duba siffarsa, ba lita kaɗai ba: kaurin jikinsa, tsawonsa, inda bakin shan mai yake a gindi, da irin soket ɗinsa. Wasu motocin kwandon da famfo ke zama a ciki ƙarami ne, sai gajeren famfo irin DW65c.

Game da saye, jabun Walbro ya cika duniya, kuma kwalinsa ya kan fi na ainihin kyau. Ko daga Ƙofar Ruwa a Kano za a aiko maka, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ko ta intanet daga Amurka, in farashin ya faɗi ƙasa da rabin abin da dillalan kamfanin ke sayarwa, ka san araha ba ta ado. Akwai gwajin jarka a ƙasa wanda zai tona asirinsa.

Abin da za ka tanada

Famfo da sabuwar rairayarsa. Sabon robar murfin tanki, domin tsohon ya kan kumbura da zarar an cire shi, ya ƙi komawa mazauninsa. Guntun tiyo na cikin mai mai lambar SAE J30R10. Kilif na tiyon matsi, masu santsin ciki waɗanda ba sa yanka roba. Sabuwar filta. Rile mai amfiya 30 ko 40 da soket ɗinsa, fiyus da gidansa, waya mai kaurin milimita 4 ko 6. Mita ta auna wuta, gejin matsin mai, sifanu, filaya, tsummoki masu tsafta, da tukunyar kashe gobara mai hoda.

Maganar tiyon nan ba ƙarama ba ce. Na ga an buɗe tankin wata mota a wani gareji da ke gefen Bypass, wadda aka sa wa sabon famfo ba a fi 'yan watanni ba, ta dawo tana mutuwa a hanya. Ogan garejin ya zaro kwandon, ya matsa guntun tiyon da yatsa biyu, sai ga shi ya yi laushi, bayansa yana saɓulewa baƙi ƙirin a hannu, ya tsage ta gefen kilif.

"Alhaji, famfonka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Wanda ya yi maka aikin tiyon waje ya sa maka a ciki. Man ma a cikin tanki yake zubewa, bai kai inji ba."

"To ai tiyon mai ne, Oga, ga rubutu nan a jiki."

"Na mai ne, ranka ya daɗe, amma cikinsa kaɗai ke jure mai. Bayansa ba a yi shi don ya kwana cikin fetur ba."

Tiyo mai lambar R7 ko R9 na waje ne. R10 ne aka yi don nutsewa.

Wurin aiki da sauke matsi

A fili ake wannan aiki, inda iska ke kaɗawa, cikin inuwa, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ka dubi kewayenka da kyau: ba mai walda, ba janareta a kunne, ba mai shayi da risho a kusa, ba mai sigari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi nesa ya nemo wuta. Lokacin hunturu a ƙara kula, domin busasshiyar iska tana tara lantarki a jikin tufafi, sai ka riƙa taɓa ƙarfen motar kafin ka sa hannu a bakin tanki. Ƙurar hunturu kuma kada ta sami tanki a buɗe.

Ka zo da tanki ƙasa da kwata. Cire fiyus ko rile na famfo, ka tayar da motar ka bar ta ta mutu da kanta, ka sake murza makulli na 'yan daƙiƙoƙi. Buɗe murfin shan mai don iskar ciki ta fita. Sannan ka cire kan batir na nagetif ka kawar da shi gefe. Duk da haka akwai sauran mai a bututu, don haka a naɗe tsumma a bakin kowane haɗi kafin a zare.

Fitar da kwandon famfo

A yawancin ƙananan motoci, in ka ɗaga kujerar baya ko shimfiɗar but za ka ga faifan ƙarfe da sukurori 3 ko 4. A ƙarƙashinsa murfin kwandon yake. In motarka ba ta da wannan ƙofa, sai an sauke tanki gaba ɗaya, wannan kuma aikin mutum biyu ne da jak.

Kafin ka kwance komai, share saman murfin tas. Jar ƙasar da ke taruwa a wurin in ta faɗa ciki, sabuwar rairayarka ce za ta sha ta. Ɗauki hoto da wayarka daga nesa kaɗan, ka sa alama a murfi da jikin tanki don ka san yadda yake fuskanta. Zare soket, zare bututun mai ta hanyar matsa kunnuwan kilif ɗinsu, kada ka fizga, robar ta tsufa tana karyewa. Zoben da ke riƙe murfin, in na roba ne akwai makullinsa na musamman. In babu, a yi amfani da guntun katako ko tagulla a buga a hankali. Kurfi da guduma na ƙarfe a bakin tankin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ɗago kwandon a hankali kana karkata shi, saboda hannun fulot ɗin da ke auna yawan mai siriri ne, in ya lanƙwashe gejin manka ya fara ƙarya ke nan. Juye man da ke cikin kwandon a roba mai tsafta, ka rufe bakin tankin da tsumma.

Yanzu haska cikin tankin da tocila mai batir a rufe, ka duba gindinsa. Abin da ake tararwa a nan ya kan ba da mamaki: laka ja, tsatsa, wani lokaci ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin mai. Motar da ta sha man 'yan bumburutu lokacin layin mai, ko ta ɗanɗana gurɓataccen fetur ɗin nan mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022, tankinta ba ya rasa tarihi. In ka ga datti, a zuƙe man duka da famfon hannu a goge tankin da tsumman da ba ya barin zare. Famfo mai ƙarfi ya fi na da zuƙa, abin da tsohon ya bari a kwance shi zai kwaso shi.

Ɗaura sabon famfo a kwando

A kan tebur mai tsafta ake wannan. Buɗe kunnuwan kwandon, zare wayoyi biyu na famfon, zare tiyon sama, ka fitar da shi. Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe ka gwada tsawonsu da inda bakunansu suke.

Sa sabuwar rairaya ka danna ƙaramin zoben da ke riƙe ta har ya zauna. Ta kwanta daidai yadda tsohuwar ta kwanta, a can ƙasan kwando, ba a naɗe ba, ba kuma ta danne hannun fulot ba. Robar da ke gindin famfo da wadda ke naɗe jikinsa a mayar da su, su ke rage ƙara da girgiza. Yanka tiyon R10 daidai tsawon da ake so, kada ya lanƙwashe ya shaƙe, ka ɗaure kilif sama da ƙasa.

Wayoyin cikin tanki: ja zuwa alamar tarawa, baƙa zuwa alamar ɗebewa, ka duba sau biyu, domin in aka juya su, famfon zai riƙa juyawa da baya, ka ji ƙararsa amma ba mai. A haɗa su da maƙalar matsewa ta ƙarfe, a matse da filayar da aka yi don haka. Salatif ba ya shiga tanki, fetur yana narkar da gam ɗinsa ya toshe rairaya.

Akwai wani ɗan siririn bututu a wasu kwanduna da mutane ke rainawa su toshe. Shi ne ke amfani da ƙarfin man da ke gudu ya jawo mai ya cika kwandon, a motoci masu tanki mai ɓangare biyu kuma shi ke kwaso man ɗaya ɓangaren. In ka kashe shi, motar za ta mutu alhali geji yana nuna akwai kwata. Mayar da shi yadda ka same shi.

Sa sabon robar murfi a bakin tanki, shigar da fulot da farko, daidaita alamar da ka yi, ɗaure zoben. Kada ka mayar da faifan ƙarfe da kujera tukuna.

Wayar wuta, inda rabin aikin yake

Wayar da kamfani ya ja wa famfo siririya ce, an yi ta ne don famfon da ke jan amfiya kaɗan, ta kuma yi shekara 10 ko 15 tana shan zafi. Sabon famfon ajin 255 yana jan kusan amfiya 10 idan matsi ya hau, masu 340 da 450 sun fi haka. Wuta ta kan zube a hanya, famfon da aka auna a bolt 13.5 ya riƙa samun 12 ko ƙasa, litocin da ka biya kuɗinsu su ragu. Gwajin ba wuya: injin yana aiki, auna kan batir, za ka ga 13.5 zuwa 14.4. Auna a soket ɗin famfo. In bambancin ya wuce rabin bolt, a ja sabuwar waya.

Ga yadda rewaya zai haɗa, kuma ka tsaya a kansa ka gani. Waya mai kauri ta taso daga kan batir na fozitif, fiyus mai amfiya 20 zuwa 30 a kusa da batir ɗin, bai fi taƙi ɗaya ba, ta bi cikin mota ta ƙarƙashin kafet zuwa ƙafa mai lamba 30 a rile. Daga ƙafa 87 waya mai kauri iri ɗaya ta tafi fozitif na famfo. Tsohuwar wayar da ke kai wa famfo wuta a yanke ta a kai ta ƙafa 86, ta zama ita ce mai ba rile umarni. Ƙafa 85 ta tafi at, wato ƙarfen bodin mota da ke haɗe da nagetif. Famfon kansa a yi masa sabon at da waya mai kauri, a kankare fenti a jikin bodi har ƙarfe ya fito, a ɗaure da noti. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Amfanin wannan haɗi shi ne birenbos yana nan da ikonsa. In injin ya mutu, ko Allah ya kiyaye aka yi haɗari, zai yanke wuta famfo ya tsaya. Wani rewaya zai ce maka, "Maigida, bari kawai mu ba shi dairek daga makulli, ya fi sauƙi." Kada ka yarda. Mota ta kife, bututu ya fashe, famfo yana ci gaba da feso lita 4 a minti ɗaya, ba abin da za a so gani ba ne.

Wannan haɗin rile na motocin da ke ba famfo wuta kai tsaye ne. In motarka tana da akwatin da ke sarrafa gudun famfo, kamar EKP na BMW, wutar da ke fitowa daga cikinsa a yanyanke take zuwa da sauri, rile ba zai iya bin ta ba, zai yi ta kakkarwa har ya ƙone. A irin wannan ana zaɓar famfon da akwatin zai iya ɗauka, ko a sauya akwatin, ko a ƙara kaurin wayar da ke shiga cikinsa. Ka kuma leƙa soket ɗin saman murfin tanki: in ƙafafunsa sun yi baƙi ko robar ta soma narkewa, a canza shi yanzu.

Tayarwa da gwaji

Mayar da fiyus da kan batir. Murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar ba. Za ka ji famfo ya yi kuka na daƙiƙa 2 ko 3 ya tsaya. Kashe, sake kunnawa, kamar sau 4, don mai ya cika layi. Bi kowane haɗi da farin tsumma ko takarda, ka kuma sa hanci. Ko danshi ka gani, a tsaya a gyara. Sabon famfon zai ɗan fi tsohon ƙara, wannan ba laifi ba ne, amma ƙara ba shaidar ƙarfi ba ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga mai bututun dawowa, gwajin jarka: zare bututun dawowa ka sa shi cikin jarka mai awo, injin a kashe, ka haɗa ƙafa 30 da 87 na rile na daƙiƙa 30 daidai. Famfo mai lita 255 a awa lita 4.25 ke nan a minti, don haka ka sa ran ganin kusan lita 2, ko ƙasa kaɗan tunda wutar batir ce kawai ba altaneta. In lita 1 ka gani, ko dai jabu aka sayar maka, ko akwai inda ya toshe, ko tiyon ciki yana yoyo.

Tayar da motar, geji a jiki. Zare siririn tiyon regileta ka toshe shi da yatsa: allura ta tsaya a asalin matsin motarka, psi 43.5 a yawancinsu, wasu 58. Mayar da tiyon, allura ta sauko da kusan psi 7 zuwa 10. In ka ga ta tsaya sama da asali ta ƙi saukowa, to famfon ya fi ƙarfin regileta ko bututun dawowa ya yi masa ƙanƙanta. Za ka ji warin mai a salansa, fulogi su yi baƙi, lambar P0172 ta fito, mai kuma ya riƙa tafiya a banza, a wannan zamani da tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ke lissafin lita. Maganinsa regileta mai faɗin ciki wadda ake iya saitawa.

Gwajin hanya shi ne na gaskiya, kuma mutum biyu ke yinsa, ɗaya yana tuƙi idonsa a titi, ɗaya yana kallon kwamfuta. A nemi miƙaƙƙen wuri a wajen gari, da rana, inda babu ƙauye ko garken shanu a gefe, kuma giya 3 ta isa, ba sai an kai gudun ganganci ba. Kada a shigo da tiyon mai cikin mota don a ga geji. Ko a manna gejin a jikin gilashi ta waje, ko a yi amfani da na lantarki. A fara da rabin totur, a ƙara kaɗan kaɗan. Abin da ake nema a mai bututun dawowa shi ne matsin mai ya bi turbo ƙafa da ƙafa: turbo psi 10, mai 53.5, turbo psi 18, mai 61.5, ya kuma tsaya a nan har ƙarshen juyin injin. Na'urar auna gaurayen mai da iska, wadda a silo ke nuna 14.7, a cikakken turbo ta sauko tsakanin 11.5 da 12 a motoci masu nozul a manifol. In ta haura 13 ko matsin mai ya fara zamewa, a ɗaga ƙafa nan take.

In komai ya tafi daidai, a dawo a sake duba saman murfin tanki da injin a kunne, a taɓa rile da gidan fiyus a ji ko sun yi zafin da hannu ba zai jure ba, sannan a rufe faifan a mayar da kujera. Bayan an cika tanki karon farko a sake ɗaga kujerar a shinshina, domin robar murfi da ba ta zauna ba sai tanki ya cika take nuna kanta. Filta kuma a sake canza ta bayan kilomita 1,000 na farko, saboda ragowar dattin da sabon famfon zai taso da shi.

Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo, don haka yawo da jar fitilar mai a kunne yana gajarta masa kwana, balle mai ƙarfi da ya fi ɗaukar zafi. Kada ka taka turbo iyaka da tanki ƙasa da kwata, musamman a kwana ko a hawa irin na wajen Kaltungo, inda mai ke gudu gefe ɗaya ya bar rairaya tana shan iska. Sai an tabbatar matsin mai yana tsayawa daram sannan a koma wurin mai gyaran kwamfuta ya ƙara wa turbo iska, kuma a ba shi lambar famfon da girman nozul da asalin matsin da aka auna, domin da su zai yi saitinsa.